GARIN DA YA FARFAƊO A BAKIN KOGI

Gari yana da rai kamar mutum. Yana girma, yana ciwo, yana kuma iya mutuwa. In masu sana'a suka tashi, kasuwa ta daina ci, samari suka tafi cin rani ba su komo ba, sai gari ya kama hanyar zama kufai. Amma akwai garin da ya kwanta ciwo har aka fid da rai da shi, sa'an nan ya tashi. Yau za mu karanta labarin irin wannan gari. Sunansa Bikon. Yana ƙasar Amurka, a bakin wani kogi da ake kira Hadson.

Za mu kai masa ziyara ta yini ɗaya daga cikin wannan littafi. Muna tafe muna neman amsar tambayoyi uku. Me ya raya garin tun farko? Me ya kwantar da shi? Me ya tashe shi?

Darasin yana da kashi takwas. Ku karanta kashi ɗaya, ku tsaya, ku tattauna, kana ku wuce na gaba.

1. HANYA

Tafiyarmu za ta fara daga birnin Niyok. Shi ne birnin da ya fi kowane birni jama'a a Amurka. A ƙidayar 2020 an sami mutum fiye da miliyan 8 a cikinsa. Gidajensa dogaye ne ƙwarai, titunansa kuwa cike suke da motoci. Saboda haka ran Asabar da Lahadi mutane da yawa sukan fita bayan gari su sha iska.

Ga mu a babbar tashar jirgin ƙasa, wadda ake kira Grand Central. Mu sayi tikitin zuwa da komowa. Bikon tana arewa da Niyok. Tsakaninsu mil 60 ne, watau kusan kilomita 97. Ya ɗan fi nisan Kaduna zuwa Zariya. Jirgi yakan yi kamar awa ɗaya da rabi a hanya.

Mu zauna a kujerun hagu, domin ta nan ake ganin kogi. Da jirgi ya fita daga cikin birni, sai ya bi gaɓar kogin har Bikon. Muna ganin ruwa mai faɗi, da duwatsu masu itatuwa. A wancan ƙetare akwai West Point, makarantar da ake horar da hafsoshin sojan Amurka. Gab da isowa za mu ga wani ɗan tsibiri mai rusasshen gini kamar fadar sarki. Wani ɗan kasuwa ne mai sayar da tsofaffin kayan yaƙi ya gina shi don ajiya. Albarushi ya fashe a ciki a 1920, gobara kuma ta cinye shi a 1969.

Tsawon kogin Hadson kilomita 507 ne. Yana da wani abin mamaki. Bakinsa a buɗe yake ga teku. In teku ta cika, sai ta turo ruwa ya yi arewa. In ta janye, sai ruwan ya komo kudu. Haka ake yi kullum, dare da rana. Mutanen ƙasar na asali sun sa masa suna mai ma'anar kogin da ke gudu ta fuska biyu. Sunan Hadson kuwa na wani Bature ne matuƙin jirgi, mutumin Ingila, wanda ya shigo kogin a 1609.

2. ASALIN GARIN

Mun sauka a tashar Bikon. Tashar tana daf da ruwa. A nan faɗin kogi ya kai kamar mil ɗaya. A ƙetare muna hangen wani gari, sunansa Nubag. In muka juya gabas, sai mu ga wani babban dutse a bayan gari. Tsayinsa ya kai ƙafa 1,600.

Daga wannan dutse garin ya sami suna. Tsakanin 1775 da 1783 mutanen Amurka sun yi yaƙi da Ingila don su sami mulkin kansu. A lokacin babu waya, babu rediyo. Sai suka tara itace a kan duwatsu, suka sa masu gadi. In an ga abokan gaba sun taso, a kunna wuta a kan wannan dutse, na gaba ya hango, shi ma ya kunna tasa. Irin wannan wuta ta ba da labari ita ce bikon da Turanci.

Tun kafin zuwan Turawa, wata ƙabila ce da ake kira Wafinja take zaune a wurin. A 1683 wasu 'yan kasuwa na Niyok suka sayi ƙasar daga hannunsu. 'Yar ɗaya daga cikin 'yan kasuwan, wadda ake ce wa Madam Biret, ta zo ta zauna. Ta gina gida wajen 1709, ta kuma kafa injin niƙa a bakin rafi. Gidan nata yana nan har yau, ana zuwa kallonsa.

Wannan rafi sunansa Fishkil. Yana gangarowa da ƙarfi, ya ratsa gari, ya faɗa cikin Hadson. Ƙauyuka biyu suka kafu, ɗaya a bakin rafi, ɗaya a bakin kogi. A 1913 suka haɗu suka zama gari ɗaya, suka ɗauki sunan dutsen.

3. ZAMANIN MASANA'ANTU

Ga amsar tambayarmu ta fari. Ruwa ne ya raya Bikon.

Rafi ya ba su ƙarfi. Ruwa mai gangara yana juya babbar ƙafar inji, ita kuma ta juya sauran injuna. A 1814 aka kafa masaƙar auduga a bakin rafin. Daga baya aka kafa wasu masana'antu. Wadda ta fi suna ita ce sana'ar hula. A zamanin nan namiji ba ya fita ba hula, mace ma haka. Bikon ta yi suna a Amurka wajen yin huluna da malafu.

Gaɓar kogi ta ba su yumɓu. Suka yi ta gasa jan bulo, suna aikawa Niyok ana gina gidaje.

Kogi kuma ya ba su hanya. Jiragen ruwa suna ɗaukar kaya zuwa birni. Jirgin fito yana kai mutane Nubag yana komowa da su. Daga baya jirgin ƙasa ya zo.

A 1929 kamfanin Nabisco, mai yin biskit, ya gina babbar masana'anta kusa da tasha. Ba biskit ake yi a cikinta ba. Kwalin da ake zuba biskit ake bugawa. Ku riƙe wannan gini a ranku, za mu shiga cikinsa an jima.

Mutane suka zo neman aiki daga wurare masu nisa. Wasu daga ƙasashen Turai, wasu baƙaƙen fata daga kudancin Amurka. Babban titin gari ya cika da kantuna. Har baƙi suna zuwa daga birni yawon buɗe ido, domin a 1902 an shimfiɗa wata hanyar tarago mai hawa da mutane kan dutse.

4. YADDA GARI YA KWANTA

Yanzu sai tambaya ta biyu. Ba abu ɗaya ne ya kwantar da Bikon ba, kuma ba rana ɗaya ta kwanta ba.

Da fari, zamani ya sake. Mutane suka rage sa hula. Lantarki ya wadata ko'ina, ba a bukatar rafi don juya inji. Masu masana'antu suka kwashe injunansu, suka koma inda ladan ma'aikaci ya fi araha.

Na biyu, hanya ta sake. A 1963 aka buɗe babbar gada tsakanin Bikon da Nubag. Jirgin fito, wanda ya shekara fiye da 200 yana aiki, ya tsaya. Da, matafiyi sai ya ratsa cikin gari ya jira jirgi, ya ci abinci, ya yi sayayya. Da aka yi gada, sai motoci suka riƙa wucewa ta gefen gari ba su tsayawa. A 1974 kuma aka buɗe wani babban rukunin kantuna a wajen gari. Masu saye suka koma can.

Na uku, hukuma ta ga tsofaffin gidaje, ta ce a rushe a yi sababbi. A shekarun 1960 da 1970 aka rushe gidaje da kantuna masu yawa, musamman a unguwar bakin kogi, inda baƙaƙen fata da yawa suke zaune. Mutanen unguwar suka watse. Wasu filayen suka daɗe ba a gina kome a kansu ba.

Taragon dutse ya tsaya a 1978. Masana'antar kwali ta rufe a 1991. A shekarun nan mafi yawan kantunan babban titi a rufe suke, an buga wa tagoginsu katako. Samari suka tafi neman aiki a wasu wurare.

Kogin ma ciwo yake yi. Garuruwa suna sakin ruwan masai a cikinsa. Masana'antu suna zuba masa mai, da fenti, da rini. Can arewa nesa da Bikon, kamfanin General Electric yana da masana'antu biyu na kayan lantarki. Daga 1947 zuwa 1977 sun saki wani mai mai guba da ake kira PCB cikin kogin, kimanin tan 600. Gubar ta kwanta cikin laka, ta shiga jikin kifi, ta gangaro kudu. A 1976 hukuma ta hana kama kifi iri-iri don sayarwa. Masunta da yawa suka rasa sana'a.

Mu lura da wannan. Abin da na sama ya zuba a kogi, na ƙasa ne yake sha.

5. MAWAƘI DA JIRGIN RUWA

Kafin mu shiga gari, mu ɗan taka zuwa bakin ruwa. Ga fili mai ciyawa, ga itatuwa, ga yara suna wasa. Wannan wuri da juji ne, inda gari yake zubar da shara. Yanzu an sa masa sunan wani mawaƙi da matarsa, watau Pit Siga da Toshi.

An haifi Pit Siga a 1919. Yana waƙa yana kaɗa banjo. Banjo abin kiɗa ne mai kama da gurmi, asalinsa kuwa daga bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma aka kai Amurka. A 1949 shi da matarsa suka sayi fili a gefen dutsen Bikon, suka gina gidan katako da hannunsu. Daga gidan yana hangen kogi. Yana ganin yadda yake lalacewa.

Ya lura da abu ɗaya. Mutane sun juya wa kogi baya. Wanda ba ya zuwa bakin ruwa, bai damu da abin da aka zuba a ciki ba. Sai shi da abokansa suka yi shawarar su ƙera jirgin ruwa irin na kakanninsu, mai tafiya da iska, wanda ake ɗaura wa babban ƙyalle. Suka yi ta waƙa gari gari suna tara kuɗi. Wasu suka yi musu dariya. A 1969 aka sa jirgin a ruwa. Tsawonsa ƙafa 106. Suka sa masa suna Clearwater, watau ruwa garau.

Jirgin ya riƙa bin garuruwan bakin kogi. Duk inda ya tsaya, jama'a su taru kallo. A yi waƙa, a kwashe shara, a yi magana a kan ruwa. Ana ɗaukar 'yan makaranta a ciki, su jefa koma, su ga kifin da ke kogin da idonsu, sa'an nan su mai da shi ruwa.

Ba su kaɗai suka yi wannan aiki ba. Masunta sun kafa ƙungiyarsu, suna kai ƙarar masu ɓata ruwa gaban alƙali. Mutane a sauran jihohi su ma suna kuka a kan kogunansu. A 1972 majalisar ƙasa ta yi dokar tsabtar ruwa. Dokar ta hana zuba ƙazanta a kogi ba da izini ba. Gwamnati ta ba garuruwa kuɗi su gina wuraren tace ruwan masai. Kamfanin lantarkin nan kuwa, bayan doguwar jayayya, hukuma ta sa shi yashe lakar da ke da guba. An yi yasar daga 2009 zuwa 2015.

Ruwa ya gyaru ƙwarai. Daga 2004 aka fara wani taro na shekara shekara, inda mutane suke ninƙaya daga Nubag zuwa Bikon. Pit Siga ya ga wannan da idonsa kafin ya rasu a 2014. Amma gyara bai ƙare ba. Har yanzu akwai sauran guba a cikin laka, hukumar lafiya kuma tana gargaɗin yara da mata masu haihuwa a kan cin kifin kogin. An shekara 30 ana zuba gubar. An shekara fiye da 40 da dainawa, ba ta gama fita ba.

6. GIDAN KWALI YA ZAMA GIDAN KALLO

Daga tasha mu hau ɗan tudu, tafiyar minti goma. Ga dogon gini na jan bulo. Shi ne masana'antar kwali da muka ambata.

Bayan an rufe shi ya yi shekaru ba kowa. A can Niyok kuwa akwai wata ƙungiya mai suna Dia, wadda aka kafa a 1974. Aikinta tara kayan fasaha, watau zane da ƙira da sassaƙa. Kayanta manya ne ƙwarai, ba ta da ɗakin da zai ɗauke su a birni. Kamfanin da ya mallaki ginin ya ba ta shi kyauta a 1999. Aka gyara, aka buɗe a watan Mayu na 2003.

Ba a rushe ginin ba, ba a kuma sake masa kama ba. In an haɗa faɗin ɗakunansa ya kai kusan eka 7. Rufinsa cike yake da tagogi. Masu buga kwali ne suka yi su don su ga launi sosai. Yau hasken ranar nan shi ne yake haska kayan kallo. Don haka da hunturu, sa'ad da rana take faɗuwa da wuri, gidan ma da wuri ake rufe shi.

Mu shiga. Kayan da aka nuna a nan ba su yi kama da zanen da muka saba gani ba. Ga misali huɗu.

Wani mai suna Ricad Sera ya sa an lanƙwasa manyan faifan ƙarfe, kaurin kowane inci 2, tsayinsa ya fi mutum biyu. An tsai da su kamar rumbu marar jinka. Mutum yakan shiga ciki ya zaga. Bangon yana karkata, har ka ji kamar ƙasa ce take juyawa.

Wani mai suna Maikel Haiza ya yi ramuka huɗu a daɓen ɗaki, zurfin kowane ƙafa 20. Kowane rami da siffarsa. Aikin ke nan.

Wani mai suna Jon Cambalen ya tara ƙarafan tsofaffin motoci, ya matse su, ya haɗa su launi launi.

Wani mutumin Japan mai suna On Kawara ya fara wani aiki a 1966. Yakan ɗauki allon zane, ya rubuta kwanan watan ranar da farin fenti, ba ya ƙara kome. In dare ya raba bai gama ba, sai ya lalata allon. Ya yi haka kusan shekara 50.

Wani zai ce, wannan ma aiki ne? Ko a Amurka akwai masu faɗin haka. Wasu suna sha'awa, wasu suna dariya. Ba dole ne ra'ayinmu ya zo ɗaya ba. Amma ga abin da ba a musu a kansa. Mutane dubun dubata suna zuwa kallo kowace shekara, daga Niyok da ƙasashen waje. Baƙo kuwa in ya gama kallo, yunwa yake ji.

7. BABBAN TITI

Rana ta take. Mu ma mu hau cikin gari mu nemi abinci.

Babban titin Bikon ya fi mil ɗaya. Ya tashi daga wajen kogi, ya ƙare a wajen rafi. Tun kafin a buɗe gidan kallo, wasu masu ƙaramin jari sun fara sayen tsofaffin kantuna suna gyarawa, domin a lokacin suna da araha. Masu zane da masu ƙira, waɗanda haya ta yi wa tsada a birni, suka zo suka kama ɗakuna. Da baƙi suka fara yawa, sai sauran kantuna suka buɗe.

Mu duba yadda aka yi da tsofaffin gine-gine. Wani gidan 'yan kwana-kwana ya zama wurin aikin gilashi. Maƙerin yana narka gilashi a wuta, ya ɗebo a bakin dogon bututu, ya hura, ya zama kofi ko kwalba. Wanda ya taɓa ganin Masagan Bida suna narka kwalba suna yin tsakiya zai gane aikin. Tsohon laburare, wanda aka gina a 1872, ya zama zauren kiɗa da nuna zane. Wata masana'anta a bakin magangarar rafi ta zama masaukin baƙi. Wasu masana'antun sun zama gidajen kwana da ɗakunan aiki.

Akwai masu gina tukwane, da masu saƙa, da masu sayar da littattafai, da masu gasa burodi. Ran Lahadi manoma sukan kawo kayan lambu, da ƙwai, da zuma. Baƙo ɗaya yakan sayi abinci wurin wannan, ya sayi tsaraba wurin wancan, ya kwana wurin na uku. Mai abinci kuma ya saya wurin manomi. Haka kuɗi yake zagawa.

Mai sauran ƙarfi, da la'asar sai ya hau dutse. Hawan yana da wuya, yakan ci kamar awa ɗaya. A sama akwai kangon tashar tarago. In sararin sama ya yi garau, daga hasumiyar da ke ƙololuwa ana hangen dogayen gidajen Niyok.

Ga amsar tambayarmu ta uku. An gyara kogi, mutane suka komo bakinsa. An bar tsofaffin gine-gine a tsaye, aka ba su sabon aiki. Masu sana'ar hannu suka zauna. Jirgin ƙasa kuma yana kawo masu saye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. WANDA AKA BARI A BAYA

Kafin mu koma tasha, akwai maganar da ba za mu ɓoye ba.

A ƙidayar 2020 mutanen Bikon 13,769 ne. Garin ƙarami ne, masu son zama a cikinsa kuwa sun yi yawa. Masu kuɗi daga birni suka zo sayen gidaje, musamman daga 2020, lokacin annobar korona. Kuɗin gida ya hau. Kuɗin haya ya hau. Mai gida ya ji daɗi. Ɗan haya fa? Akwai waɗanda suka zauna a garin tun yana kwance, suka jure, amma da ya tashi sai haya ta fi ƙarfinsu, suka fita. Har wasu masu zanen da suka taimaka wajen tashinsa su ma sun kasa biya.

Aikin ma ba irin na da ba ne. Masana'anta ɗaya takan ɗauki mutum ɗari ɗari, rani da damina. Kanti kuwa mutum kaɗan yake ɗauka, cinikinsa kuma ya dogara ga zuwan baƙi.

Mutanen gari ba su yi shiru ba. Suna zuwa zauren majalisa suna faɗin ra'ayinsu. A 2017 majalisa ta dakatar da ba da izinin sababbin gine-gine na 'yan watanni, don a duba ko ruwan sha zai isa. An kuma yi ƙa'ida cewa mai gina gidaje masu yawa ya ware ɗaya cikin goma, a ba da shi da sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi. A 2024 garin ya karɓi wata dokar jiha, wadda ta hana korar 'yan haya da yawa ba da dalili ba. Wasu sun ce dokokin sun yi kaɗan. Wasu sun ce sun yi yawa. Ana nan ana shawara.

Rana ta yi gora, tana faɗuwa bayan duwatsun ƙetare. Jirgin Niyok ya iso. Wannan karon mu zauna a kujerun dama.

ABIN DA MUKA KOYA

Ba kowane gari ne yake kusa da birni kamar Niyok ba. Ba kowane gari ne zai sami ƙungiyar da za ta kawo masa kayan kallo ba. Saboda haka ba mu ce kowa ya yi abin da Bikon ta yi daidai wa daida ba. Amma akwai abin ɗauka.

Ruwa dukiya ne, ɓata shi ya fi gyara shi sauƙi. Tsohon gini da tsohuwar sana'a ba shara ba ne, a yi tunani kafin a rushe ko a yar. Mutum kaɗan suna iya fara gyara, ko da ana yi musu dariya. In kuma arziki ya zo, a tambaya tun da wuri: wa zai ci, wa za a bari?

SABABBIN KALMOMI

Masana'anta: babban gida mai injuna inda ake yin kaya.
Jirgin fito: jirgin da ke ƙetare kogi da mutane da kaya.
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.
Yasa: kwashe laka daga ƙarƙashin ruwa.
Ƙidaya: lissafin yawan mutanen ƙasa.

TAMBAYOYI

1. A bakin wane kogi Bikon take?
2. Daga ina garin ya sami sunansa?
3. Faɗi abu uku da ruwa ya ba mutanen Bikon.
4. Yaya gada ta rage cinikin babban titi?
5. Don me Pit Siga da abokansa suka ƙera jirgin ruwa?
6. Me ake yi da a ginin da ya zama gidan kallo?
7. Su wa tashin garin ya wahalar? Don me?

LISSAFI

1. Daga Niyok zuwa Bikon mil 60 ne. Mil nawa ne zuwa da komowa?
2. An gina masana'antar kwali a 1929, ta rufe a 1991. Shekara nawa ta yi tana aiki?
3. Ta rufe a 1991, aka buɗe gidan kallo a 2003. Shekara nawa ne tsakani?
4. In mutum ya gina gida 50, aka ce ya ware ɗaya cikin goma, gida nawa zai ware?

RUBUTU DA TATTAUNAWA

Kowa ya rubuta layi biyar a kan kogi, ko tafki, ko rijiyar da garinsu yake sha. Me ake zubawa kusa da wurin? Wa yake sha a ƙasa da ku?

Sa'an nan ku tambayi dattawa sana'o'in da ake yi a garinku da, waɗanda yanzu aka bari. Ku rubuta sunayensu, da sunan unguwar da ake yin kowace. Ku zo da takardar aji na gaba, mu karanta tare.